Koyon Gina Manhajar Intanet: Daga Ina Mai Farawa Zai Soma?

Matasa da dama a sansani suna tambayar yadda ake koyon gina shafukan intanet irin waɗanda ake yin rajista ko ciniki a cikinsu. Wasu sun ɗauka sai mai kuɗi da data mai yawa zai iya. A gaskiya manyan kayan aikin kyauta ne, kuma yawancin gwajin ana yin sa ba tare da intanet ba. Abin da ake buƙata shi ne a bi matakan a jere, kada a yi tsallake.

Mece ce manhajar intanet?

Shafin da ake karantawa kawai kamar allon sanarwa yake. Manhajar intanet kuwa tana karɓar bayani, ta adana, ta ba da amsa. Idan kun rubuta suna da kalmar sirri kuka danna, burauzar wayarku tana aika buƙata zuwa wata kwamfuta da ake kira saba. Sabar za ta duba rumbun bayananta, ta haɗa shafin da ya dace, ta mayar muku. Aikin mai gina manhaja shi ne rubuta umarnin da ke tafiyar da wannan kai da kawo.

Me ake nufi da furemwok?

Magini ba ya ƙera ƙusa da ƙofa da kansa duk lokacin da zai gina ɗaki. Yana samun su a shirye, ya mai da hankali ga fasalin ginin. Furemwok ma haka yake: tarin shiryayyun kayan aiki ne da masana suka rubuta don ayyukan da kusan kowace manhaja ke buƙata, kamar shigar masu amfani, magana da rumbun bayanai da kariya daga masu kutse.

Akwai su da yawa. Laravel na aiki da harshen PHP, Rails da harshen Ruby, Django kuma da harshen Python. Za mu ɗauki Django misali, domin Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, yana da sauƙin karantawa ga mai farawa. An fara Django a 2003 a wani gidan jarida da ke garin Lawrence na jihar Kansas a Amurka, inda Adrian Holovaty da Simon Willison suke aiki, aka sake shi kyauta ga kowa a 2005. Instagram na cikin manyan manhajojin da aka gina da shi.

Matakai huɗu

1. HTML da CSS. Na farko shi ke tsara abin da ke cikin shafi, kamar kanu, hoto da gurbin rubutu. Na biyu shi ke ba shi launi da fasali. Ku rubuta shafi ɗaya, ku buɗe shi a burauza ku gani.

2. Tushen Python. Ku koyi ajiye lamba da rubutu, gindaya sharaɗi, maimaita aiki, da haɗa umarni a dunƙule ɗaya. Wanda ya tsallake wannan mataki zai riƙa kwafar abin da bai fahimta ba, kuma kuskuren farko zai tsayar da shi.

3. Rumbun bayanai. Tamkar littafin rajista ne mai layuka da gurabe. Python yana zuwa da wani ƙarami mai suna SQLite, kuma shi Django ke amfani da shi tun farko, don haka babu abin da za ku saya.

4. Django kansa. Sai yanzu lokacinsa ya yi.

Misali: littafin adashi

A ce kuna son manhajar da za ta riƙe lissafin adashi. Django yana raba aikin gida uku. Kashi na farko yana fayyace abin da za a adana: sunan mai zubi, yawan sefar da ya zuba, da ranar zubin. Na biyu shi ne mai lissafi, wanda ke karɓar buƙata ya gano wa ya biya, wa ya rage, wa ke da kwasa. Na uku shi ne shafin HTML da ke nuna sakamakon. Amfanin wannan rabo shi ne kuna iya canja kamannin shafi ba tare da kun taɓa lissafin ba. Django kuma yana ba da shiryayyen shafin shugaba, inda ake ƙara suna ko gyara shi.

Idan babu data ko wuta

Ana buƙatar intanet lokacin sauke Python da Django. Bayan haka, umarnin python manage.py runserver yana mai da kwamfutarku ƙaramar saba. Sai ku rubuta 127.0.0.1:8000 a burauza, manhajarku ta buɗe, ko layi babu. Littafin jagorar Django ana sauke shi gaba ɗaya, a raba wa juna ta filashi ko memori. Akwai shi da Turanci da Faransanci, haka ma darasin Django Girls da aka rubuta don masu farawa, wanda maza ma ke amfana da shi. Mai wayar Android na iya gwada Python da manhajar Pydroid 3 ko Termux, ko da yake rubutu a ƙaramin allo yana da wahala. In caji ya ƙare, ku rubuta umarnin a takarda, ku gwada idan kun samu kwamfuta. Mutum biyu ko uku a kwamfuta ɗaya ba laifi ba ne: ɗaya na rubutu, sauran na duba kuskure.

Hattara da abu biyu

Na farko, kada ku sa bayanan gaskiya na kowa a manhajar gwaji. Suna, hoto, lambar rajista, lambar katin abinci da garin da mutum ya baro amana ne. Idan suka faɗa hannun da bai dace ba, suna iya jefa mutum da danginsa da ke gida cikin haɗari. Ku yi gwaji da sunayen ƙirƙira. Django yana sirranta kalmomin sirri kafin ya adana su, amma wannan bai isa ya kare manhajar ɗan koyo da aka ɗora a intanet ba.

Na biyu, ku guji duk wanda ya nemi kuɗi ko hoton takardunku da alkawarin aikin kwamfuta ko tafiya ƙasar waje. Dukkan ayyukan hukumar HCR kyauta ne. In an tunkare ku da irin wannan, ku sanar da ma'aikatan kariya ko ku saka a akwatin ƙorafi.

Wannan koyo ba na mako ɗaya ba ne, kuma ba ya tabbatar da samun aiki. Sai dai sana'a ce da ke bin mai ita duk inda ya je, ko ya koma gida ko ya zauna a nan. Masu sha'awa, maza da mata, su tambayi ma'aikatan sashen ilimi ko akwai kwamfutar da za su iya amfani da ita. Sannu ba ta hana zuwa.