Kiyashi A Cikin Motar Kwana

A ƙasashen Amurka da Ingila akwai wata irin mota wadda mutane ke tafiya hutu da ita. An shirya cikinta tamkar ɗaki, da gado da murhun gas da tankin ruwa da ma'ajin abinci. Wata tana da injinta, wata kuwa sai an ɗaura ta a bayan ƙaramar mota an ja. Mai ita ya kan yi zango a bakin teku ko a dawa, ya kwana biyu ko mako guda, sa'an nan ya ƙara gaba. To, ba abin da ke ɓata wa matafiyan nan rai kamar su wayi gari su tarar kiyashi ya yi jerin gwano daga ƙofa har cikin gwangwanin sukari. Jawabin yau zai bayyana yadda ƙwaron nan ke shiga, da abin da masana suka gano game da fid da shi.

Da farko ya kamata a san cewa kiyashi ba tafiyar banza ya ke yi ba. 'Yan kaɗan ne ke fita leƙen asiri. In ɗaya ta sami abinci, sai ta koma gida tana goga cikinta a ƙasa, tana barin wani ƙamshi wanda hancin mutum ba ya ji. Sauran su kan bi ƙamshin da zarurrukan nan biyu da ke kansu, kowace kuwa in ta ƙoshi sai ta ƙara nata a kan hanyar. A shekarar 1959 wani masani na Jami'ar Harvard, Edward Wilson, ya tabbatar da wannan. Ya ciro 'yar jakar da ke yin ƙamshin daga jikin tururuwar wuta, ya ja layi da ruwanta, sai ga 'yan'uwanta sun fito sun bi layin, alhali ba abinci a ƙarshensa.

Abu na biyu shi ne, waɗanda a ke gani suna yawo ma'aikata ne kawai. Mai yin ƙwai, watau sarauniya, tana can ɓoye. Saboda haka wanda ya fesa magani ya kashe ɗari a kan tebur bai yi kome ba, gobe wasu za su maye gurbinsu. Wani lokaci ma fesawar ɓarna ta ke ƙarawa. Akwai wani ƙanƙanin iri mai launin rawaya da a ke kira kiyashin Fir'auna, wanda ke da sarauniyoyi da yawa a gida ɗaya. In aka dame shi, sai ya rabu ƙungiya ƙungiya, kowace ta kwashi 'ya'ya ta kafa sabon gida a bayan bangon motar. Banda haka, fesa magani a ƙuntataccen wuri inda a ke barci, ga kuma wutar gas, lalle akwai hatsari.

To, ina dabara? Rigakafi dai ya fi magani. Yawanci kiyashi da ƙafa ya ke shiga mota, don haka sai ya sami gada. Gadojinsa kuwa sanannu ne: tayoyi, da ƙarafan da ke tallafe motar in ta tsaya, da wayar lantarki, da tiyon ruwa, da reshen itacen da ya taɓa rufi. Kafin a yi zango sai a duba ƙasa, kada a tsaya kusa da gidan tururuwa. A ɗage waya da tiyo daga ƙasa gwargwadon iko, a toshe ramukan da su ke ratsawa. A zuba sukari da gari da abincin kare a cikin mazubi mai murfi, a wanke kwanoni kafin a kwanta, a fitar da shara kullum. In an ga layin kiyashi, a goge shi da ruwan sabulu, don sabulu na wanke ƙamshin, masu biyowa su ɓata hanya. A gyara yoyon ruwa kuma, gama akwai wata babbar baƙar tururuwa mai sassaƙa gida a cikin ruɓaɓɓen katako mai damshi.

In kuwa sun riga sun tare a ciki, sai a yi musu tarko da halinsu. Ma'aikaciya ta kan ɗauko abinci a cikinta, ta amayar wa 'yan'uwanta da tsutsotsi da sarauniya baki da baki. Masana na Jami'ar Kalifoniya sun gwada ruwan sukari wanda aka sa wa sinadarin borik kashi 1 cikin 100, watau kamar ƙaramin cokalin shayi guda a rabin lita. Dalilin ƙarancin kuwa shi ne, in ya yi ƙarfi mai ɗauka za ta mutu a hanya, ko ta ƙi sha. A ajiye shi a rufaffen mazubi mai 'yan huji a bakin hanyarsu, inda yaro ko dabba ba za su kai ba, don guba ne. Kwanakin farko za a ga sun ƙaru, kada a taɓa su. Aikin ya kan ɗauki makonni, sai haƙuri.

Akwai kuma hakkin wasu a cikin al'amarin. Motar da sarauniya ta tare a cikinta tana iya kai iri inda babu shi da. Kiyashin Ajantina, wanda ya addabi masu zango a Kalifoniya, a jirgin ruwa ya isa birnin New Orleans wajen 1891, daga nan ya bazu cikin kayan fatake da matafiya. Don haka wanda ya duba ƙarƙashin motarsa da ma'ajinsa kafin ya tashi, ya kare abincinsa, ya kuma kare mutanen zangon gaba. Ƙarshen jawabin ke nan.