YADDA A KE ƘULLA TAMBAYA DA TURANCI

Jama'a, masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ne, amma fa sai in ya iya tambayar. Mu da a ke shiryawa don aikin malanta, tambaya ita ce fartanyarmu. Da ita mu ke buɗe darasi, da ita kuma mu ke gane abin da ya zauna a kan yaro. In malami ya ƙulla ta a karkace, yara arba'in za su ɗauke ta a karkace, su tafi da ita har girmansu. Saboda haka na ga ya kamata in ɗan bayyana inda Turanci ya saɓa wa harshenmu cikin wannan al'amari.

Mu fara da Hausa. In na ce, "Audu ya sayi sa," labari na bayar. In na ce, "Audu ya sayi sa?" tambaya na yi, ba kuwa kalmar da ta gusa daga mazauninta. Murya kaɗai na ɗaga, ko in ƙara "shin" a gaba, ko "ko" a baya. Wanda ya taɓa nahawun Larabci ya san can ma haka abin ya ke, a kan kawo "hal" a ajiye a bakin jumla, shi ke nan. To, Turanci bai yarda da wannan sauƙi ba. Shi sai an tā da wata kalma daga wurinta an kai ta gaba.

Akwai waɗansu ƙananan fi'ilai da ke taimakon babban fi'ili, kamar is, are, was, has, can, will da must. Cikin labari su kan bi bayan fa'ili, watau mai aikin. Amma da an zo tambaya sai su wuce gaba, kamar zagi gaban dokin sarki. Alal misali, "Audu can swim" ya zama "Can Audu swim?" Haka kuma "The river is full" ya zama "Is the river full?" Wannan ita ce ƙa'ida ta fari, sauran duk a kanta su ke.

To, in jumla ba ta da mataimaki fa? Sai a yi aron do, ko does, ko did. "Audu bought a bull" ya zama "Did Audu buy a bull?" Ku lura da kyau, bought ya koma buy, don did ya riga ya ɗauke masa kayan lokacin da ya wuce. Mai cewa "Did Audu bought" ya ɗora wa jakuna biyu kaya ɗaya. Haka nan "She sells milk" ya zama "Does she sell milk?" Harafin s ya tashi daga sells ya koma jikin does. Kada mu ga kamar tun asali haka Turanci ya ke. A zamanin Shakespeare, wanda ya rasu cikin 1616, mutanen Ingila su kan kai babban fi'ilin kansa gaba ba tare da aron kome ba, yadda Jamusawa ke yi har yau. Daga baya ne aron do ya zama tilas.

Sa'an nan ga kalmomin tambaya: what me, where ina, when yaushe, why don me, how yaya, who wa. Su ne kan gaba, mataimaki ya biyo, sa'an nan fa'ili, sa'an nan babban fi'ili: "Where did Audu buy the bull?" In yara suka ga abin ya yi musu yawa, sai ka tuna musu Hausa ma ta kan sāke wani abu a nan. Mu kan ce "Sun sayi sa," amma "Me suka saya?" Ba Bahaushen da zai ce "Me sun saya?" Wuri ɗaya ne ba a aro, watau in mai aikin kansa a ke nema: "Who bought the bull?"

Saura babban tarko, shi ne amsa. Ina ƙarami a makaranta, littafin wani ya ɓace a ajinmu. Malam ya dube ni ya ce, "Didn't you take it?" Ni kuwa na auna abin da ma'aunin Hausa, inda in an ce "Ba ka ɗauka ba?" ka kan ce "I, ban ɗauka ba." Sai na ce, "Yes." Ashe da bakina na amsa laifin sata. Ba don wani babban ɗalibi ya tashi ya warware zancen da Hausa ba, da na sha bulala a banza, sunan ɓarawo kuma ya bi ni. Bahaushe ya kan gaskata maganar mai tambaya ne ko ya ƙaryata ta. Bature kuwa aikin ya ke dubawa: in an yi, yes, in ba a yi ba, no, ko ta yaya aka juya tambayar. Saboda haka a hana yara amsa da kalma guda, su riƙa cewa "No, I didn't" ko "Yes, I did."

Daga ƙarshe ga shawarata. Ƙa'ida ba ta zama a baki sai da yawan faɗi. Ran Jumma'a kasuwar Wudil ta ci, ba yaron garin nan da bai san karar shanu da bakin kogi ba. In an dawo makaranta, sa ɗaya ya faɗi jumla guda kan abin da ya gani, na kusa da shi ya mai da ita tambaya, na uku ya amsa, har a zaga aji. Kada kullum malam ne mai tambaya, yara masu amsa, don wanda bai saba tambaya a aji ba, ba zai iya ta a ofis ko asibiti ba. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.