Yadda Kachala Ta Addabi Mutanen Fadamun Haɗeja Da Nguru

Tun kaka da kakanni, mutanen fadamun Haɗeja da Nguru da ambaliyar kogi suka dogara. Da damina ruwa ya malale fadama, a shuka shinkafa, kifi ya hayayyafa. Da rani in ya janye a shuka wake a danshin da ya bari, Fulani kuma su gangaro da shanu. Fadama ɗaya ce ke ciyar da manomi da masunci da makiyayi, kowa da lokacinsa.

Wannan tsari ya soma sauyawa a shekarar 1974, sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo. A 1992 kuma aka gama ta Challawa. Babu shakka sun yi amfani, domin Kano tana samun ruwan sha, manoman Kadawa kuma suna noman tumatir da alkama da rani. Amma abin da ya zama alheri can sama ya zame wa mutanen gangare wahala.

Dalili kuwa shi ne, a da kogin yakan ƙafe da rani, ciyawar ruwa ta mutu. Da aka koma sako ruwa daga madatsun rani da damina, sai ciyawar nan kachala ta samu yadda take so. Ta yi tsawo har ta fi mutum, ta tare laka, ta toshe hanyoyin ruwa. Sai ya zamana wasu ƙauyuka na wajen Nguru ruwa ya cinye musu gonaki, wasu kuwa ba ya isa gare su.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Masunci ba ya samun wurin jefa birgi, kwalekwale ma da ƙyar yake ratsawa. Tsuntsayen janbaki suna kwana cikin kachalar, gari na wayewa su auka wa gero da shinkafa. Sauro da katantanwar da ke kawo tsargiya su ma sun samu mafaka.

Jama'a sukan yi gayya da lauje su sare ciyawar, amma ba a daɗewa take sake tohowa. Muddin masu kula da madatsun ba su tsara sakin ruwa yadda zai bi damina da rani ba, to, lauje kaɗai ba zai maido da fadamar nan ba.