Taimakon ƙasashen waje: jinkirin zuwa, saurin tafiya

Duk wanda ya ci kasuwar Maraɗi ko ta Ɗan Isa a damanar 2005 bai manta ba. Hatsi na nan jibge cikin rumfuna, amma buhu ya doshi jikka 30, talaka sai kallo. Tun ƙarshen 2004, bayan fari da farar dango, aka yi ta neman agaji, manyan ƙasashe suka yi kunnen uwar shegu. Sai a watan Yuli, da BBC ta nuna ramammun yara a talabijin, kuɗi suka fara zubowa. Ba mu musu, an ceci dubban yara a cibiyoyin tamowa. Amma iyayensu da dama sun riga sun saida bisashensu da araha, wasu har gona.

Janyewa kuwa ba ta ɗauki wata takwas ba. Aka yi juyin mulki ran 26 ga Yuli 2023, kafin mako ya zagayo Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da tallafin da suke ba baitulmalin Nijar, duk da cewa agajin jinƙai bai tsaya ba. A watan Oktoba hukumomi suka zabtare kashi 40 cikin 100 na kasafin kuɗin shekarar.

Ku ƴan kasuwa kun ji a jikinku. Ayyukan gwamnati sun ja baya, ciniki ya mutu, ga takunkumin CEDEAO ya bar motocin kaya jere tsakanin Illela da Konni. Najeriya ba ta buɗe iyakarta ba sai Maris 2024.