Ahmad Rashad, Gwanin Cafe Ƙwallo a Amurka

Duk wanda ya saba da gidajen kallo na Dutsin-Ma da Kurfi, inda samari kan cika benci ranar Asabar suna musu a kan Arsenal da Chelsea, zai yi mamaki idan aka nuna masa wasan da Amurkawa suka fi ƙauna, domin ƙwallonsu doguwa ce kamar gwanda, da hannu ake jifanta, 'yan wasan kuwa sanye suke da kwalkwali saboda tsananin karo. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ana ba masu kai hari dama 4 su ci yadi 10, wanda kuma ya shiga da ƙwallo ƙarshen fili ya samo wa ƙungiyarsa maki 6. A cikin masu kai hari akwai wanda ke tsayawa can gefe, da an fara sai ya sheƙa da gudu, ya yaudari mai tsaronsa, ya ɗaga hannu ya cafe ƙwallon da aka jefo daga nesa, alhali ya san ƙato na tafe zai banke shi.

Cikin waɗanda suka shahara a wannan matsayi akwai Ahmad Rashad, wanda aka haifa a birnin Portland a 1949 da sunan Robert Moore. Bayan ya yi fice a Jami'ar Oregon, ƙungiyar St. Louis Cardinals ta ɗauke shi a 1972, shi ne na huɗu da aka zaɓa a duk ƙasar, a wannan lokaci ne kuma ya karɓi Musulunci, ya sake suna a 1973, abin da bai yi wa wasu 'yan kallo daɗi ba. Ya koma ƙungiyar Buffalo a 1974, sai jarrabawa ta zo masa ta gwiwa, ya yi kakar 1975 gaba ɗaya yana jinya.

Da Allah Ya nufa sai arzikinsa ya buɗe a Minnesota Vikings, inda ya zauna daga 1976 zuwa 1982, aka zaɓe shi cikin gwanayen shekara sau 4 a jere. Ranar da ba a manta masa ita ce 14 ga Disamba 1980. A wasansu da ƙungiyar Cleveland, Cleveland na gaba da 23 da 22, daƙiƙa 5 kacal ta rage, mai jifa Tommy Kramer ya ƙwala ƙwallo daga yadi 46 cikin cincirindon 'yan wasa, wani ɗan tsaro ya taɓa ta ta kauce, sai Rashad ya miƙa hannu guda ya janyo ta jikinsa yana ja da baya har ya faɗa ƙarshen fili. Aka tashi 28 da 23, Vikings ta yi nasara. Masu kallo sun kira abin sa'a, amma a ganina hannun da ya shekara goma yana horo ne kawai ke iya riƙe irin wannan sa'a idan ta zo.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsa shi ne hikimar da ya yi bayan ya aje wasa yana da shekara 33, da tarihin cafe ƙwallo sau 495, domin sana'ar jiki gajeriya ce ƙwarai, da yawa kuma sukan fita daga cikinta da ciwo da hannu wofi. Shi kuwa da fasahar harshe da iliminsa ya shiga gidan talabijin na NBC, ya zama mai sharhi, daga 1990 kuma ya yi shekaru da dama yana gabatar da shirin ƙwallon kwando na NBA Inside Stuff.

Saboda haka ina roƙon iyaye a Kurfi da Dutsin-Ma, idan ɗanku ya nuna baiwar ƙwallo kada ku hana shi fili da yamma, amma ku tsare masa makarantar safe da ta allo.