Kwangilar Manyan Kwamfutocin Hasashen Yanayi

A tarurrukan da muke yi da manoma kafin faɗuwar damina, akwai tambayar da ba ta wuce mu: wannan hasashen ruwan sama da ake karantawa a rediyo, daga ina yake fitowa? Wasu suna zaton ma'aikaci ne yake fita waje ya dubi hadari. Gaskiyar ita ce, mafi yawan aikin wasu manyan kwamfutoci ne suke yin sa a Turai da Amurka da Japan, kuma gwamnatoci ne suke ba da kwangilar sayen su. Mun ga ya kamata mu yi bayani a kan wannan kwangila, domin abin da ya fito daga cikinta yakan iso har gonakinmu.

Bari mu fara da aikin da na'urar take yi. Masana suna raba iskar da ta lulluɓe duniya gida-gida, kamar yadda ake yanka fadama fangali-fangali. A cibiyar hasashen yanayi ta ƙasashen Turai, faɗin kowane gida kamar kilomita 9 ne, kuma an jera su hawa 137 daga ƙasa zuwa sama. A kowane gida sai an lissafa zafi, da laima, da nauyin iska, da inda ta nufa, sannan a lissafa yadda za su sauya nan da 'yan mintoci, a sake, a kuma sake, har a kai kwana 10 ko 15. Ba sau ɗaya ake yi ba. Akan maimaita lissafin sau 50 da 'yan canje-canje, don a ga sau nawa ruwa ya fito a ciki. Daga nan ne ake samun maganar "akwai yiwuwar ruwa kashi 70 cikin 100".

Wani Baturen Ingila, Lewis Fry Richardson, ya gwada yin wannan lissafi da hannu. Hasashen awa 6 ya ci masa kimanin mako 6, kuma bai fito daidai ba. A littafinsa na 1922 ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a iya tsere wa yanayi. Hasashen da ya iso bayan an sha ruwan ba shi da amfani ga kowa, shi ya sa saurin na'ura ya zama komai.

Irin wannan na'ura ba a shiga kanti a ɗauko ta. Tana cika babban zaure, tana shan wutar da za ta ishi dubban gidaje, kuma cikin 'yan shekaru ta tsufa. Saboda haka gwamnati takan yi shelar neman 'yan kwangila, ta ba kamfanoni ainihin lissafin da take yi kullum su gwada a kan na'urorinsu, a ga wa zai gama a kan lokaci kuma a kan nawa. Yawanci ba ƙarfen kaɗai ake saya ba. Ana haɗawa da gini, da wuta, da sanyaya, da gyara, da alkawarin sabunta na'urar a tsakiyar wa'adi. Duk wanda ya taɓa ganin famfon burtsatse da aka haƙa ba tare da an yi tanadin gyara ba ya san dalilin wannan.

A 2020 hukumar yanayi ta Amurka ta ba wani reshen kamfanin General Dynamics kwangilar da za ta iya kai dala miliyan 505. Na'urori biyu iri ɗaya aka kafa, ɗaya a jihar Bajiniya, ɗaya a Arizona, suka fara aiki a watan Yuni na 2022. Kowacce tana yin lissafi sama da tiriliyan 12,000 a daƙiƙa ɗaya. An yi su biyu ne, nesa da juna, don idan ɗaya ta tsaya ɗayar ta ɗauka. Amurkawa sun koyi darasi a 2012, lokacin da cibiyar Turai ta riga tasu hango cewa guguwar Sandy za ta juyo ta afka wa gaɓar gabashin ƙasar.

Inda kuɗi masu yawa suke, rigima ba ta nisa. A 1996 cibiyar binciken sararin sama ta Amurka da ke Kolorado ta zaɓi na'urar kamfanin NEC na Japan, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 35, domin ita ce ta fi yin abin da masanan suke so. Kamfanin Cray na Amurka ya kai ƙara cewa Japanawa sun karya farashi ne da gangan. A 1997 gwamnatin Amurka ta ɗora wa na'urorin NEC harajin kashi 454 cikin 100, ciniki ya watse. Ba a janye harajin ba sai 2001. A 2002 kuma Japan ta buɗe na'urarta ta binciken yanayi a Yokohama, wadda NEC ɗin ya ƙera, ta zama mafi sauri a duniya har zuwa 2004. A ganinmu an kare kamfanin gida, amma masu binciken ne suka biya.

Ta Birtaniya ta fi kusa. A watan Fabrairu na 2020 gwamnati ta ware fam biliyan 1.2 domin na'urar ofishin yanayi na ƙasar, na tsawon shekara 10. A 2021 aka ba Microsoft. Kamfanin Atos na Faransa, wanda aka ce tayinsa bai cika wasu sharuɗɗan fasaha ba, ya garzaya kotu. A 2022 gwamnati ta biya shi fam miliyan 24 aka sasanta, ba tare da ta amsa laifi ba. Wato kuɗin jama'a ne suka tafi ba a sayi ko waya ɗaya da su ba. An so sabuwar na'urar ta fara aiki a 2022, amma sai a 2025 aka kammala komawa kanta. Akwai kuma sabon abu a wannan kwangila: kamfanin ne yake riƙe da na'urar a cibiyoyinsa, ofishin yanayi yana amfani da ita daga nesa. Wannan ya rage wa gwamnati wahalar gini da gyara, sai dai wanda yake haya ba ya da ƙarfin mai gida a ranar da za a sake ciniki. Shi kuwa Atos, shi ne ya samu kwangilar cibiyar Turai, wadda na'urarta take birnin Bolonya a Italiya tun 2022.

To, ina abin ya shafe mu? Lissafin waɗannan na'urori na duniya ne baki ɗaya, domin iska ba ta san iyakar ƙasa ba. Hukumar NiMet a Nijeriya, da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai, suna ɗaukar sakamakon su haɗa da nasu awon da nasu sani, kafin su fitar da hasashen damina. Da shi ne manomi zai iya zaɓar iri mai saurin nuna idan an ce damina gajeriya ce, da shi ne kuma masu aikin agaji suke kai hatsi da magani kusa da wuraren da ake tsoron ambaliya kafin hanya ta yanke. Wanda ya ga ambaliyar 2012, da ta 2022, da ta Maiduguri a watan Satumba na 2024, ya san darajar gargaɗin kwana uku.

Sai dai kada mu ɗauka cewa babbar na'ura ta warware komai. Abin da aka ba ta shi take lissafawa, kuma Afirka tana cikin yankunan da suka fi ƙarancin tashoshin awon yanayi a duniya. Ruwan yankinmu ma mai wuyar sha'ani ne: hadari yakan haɗu cikin 'yan awoyi, ya zuba a wannan ƙauye ya bar na gaba da shi a bushe. Gidan lissafi mai faɗin kilomita 9 ba ya ganin wannan da kyau. Saboda haka idan an ce damina za ta yi ƙarfi a shiyyarku, magana ce a kan shiyya, ba a kan gonar mutum ɗaya ba. A ƙauyukan da akwai ma'aunin ruwan sama, muna roƙon masu kula da shi su riƙa rubuta awon kowace safiya, har da ranakun da ba a samu ko ɗigo ba, su kuma miƙa wa malamin gona a ƙarshen wata.