Igiyar Awo a Hannun Uwaye

Kowane manomi ya san lokacin da rumbu ke yin ƙasa. Daga farkon damina har hatsi ya nuna, tuwo yana ƙaranci, sauro yana yawa, uwa kuma tana gona tun safe. A wannan lokaci ne tamowa ke kama yara ƙanana. Mutanen Maraɗi da Damagaram ba su manta da shekarar 2005 ba, da gidajen likita suka cika da yara ramammu.

Babbar matsalar ita ce jinkiri. Yaro yana ramewa a hankali, mai ganinsa kullum ba ya lura. Sai ya daina cin abinci ake ɗora shi bisa amalanke, wani lokaci kuma an makara.

A da, ma'aikatan lafiya kaɗai ke auna yara. A 2013 da 2014, a ƙasar Mirya, ƙungiyar ALIMA tare da ƙungiyar BEFEN ta ƴan ƙasa suka gwada wata dabara. Suka koya wa dubban uwaye awon damtse, suka ba kowace igiyarta ta tafi da ita gida. Da aka duba, awon uwaye bai kasa na ma'aikata ba. Yaran da uwayensu suka gano suna zuwa da wuri, kaɗan ne cikinsu aka kwantar a asibiti.

Igiyar ta roba ce, mai launi uku. Ana auna yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. A sami tsakiyar damtsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun yana sake. A naɗa igiyar, kada a matse, kada kuma ta yi sako-sako. In ta nuna kore, lafiya lau. In ta nuna rawaya, wato tsakanin milimita 115 da 125, tamowa ta fara, a je gidan likita cikin kwanakin nan. In ta nuna ja, ƙasa da 115, a tafi a ranar, ko da ana tsakiyar noma. Akwai kuma awon kumburi: a danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa, a ƙirga uku. In gurbin yatsa ya zauna a ƙafa biyun, shi ma a tafi, ko igiya ta nuna kore.

Wani amfanin igiyar ba a faye faɗinsa ba. A layin awo na kowane gari akwai Bahausa, akwai Bafillata, akwai Buzuwa da Babarbara. Malamin lafiya kuwa wataƙila daga Yamai aka turo shi, Zabarmanci da Faransanci ya fi ji. Sau da yawa matar ruga tana gyaɗa kai don kunya, ta koma gida ba ta gane yadda za a ba da magani ba. Laifin ba nata ba ne. Amma ja ja ne a kowane harshe. Kuma igiya tana shiga aljihu ta bi garke arewa da damina, inda gidan likita yake tafiyar yini guda.

Yaron da aka samu da tamowa mai tsanani, in yana iya ci, ana ba uwarsa abincin nan na gyaɗa da madara mai suna Plumpy'Nut. A gida za ta riƙa ba shi, tana dawowa awo. Magani ne na yaro ɗaya. Raba shi da yayyensa ko kai shi kasuwa cutar yaron ne.

A 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da na awon ciki. An kuma gina ƙananan gidajen likita a ƙauyuka. Bincike ya nuna a 1998, cikin yara 1000, 226 ke mutuwa kafin su cika shekara 5. A 2009 sun sauko zuwa 128. An samu ci gaba, amma 128 ma da yawa ne.

Saura maigida. Igiya tana hannun uwa, amma izinin fita da amalanke da kuɗin hanya suna hannunsa. Shi ya sa aka buɗe makarantun mazaje a jihar Damagaram, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a gidan likita. Maigidan da zai tafi ci-rani ya kamata ya bar izini tun kafin ya fita, ya faɗa a gaban uwarsa da ƴan'uwansa.

A gida kuwa, jariri ya sha dakashi tun ranar haihuwa, a bar shi da nono zalla har wata 6, ba ruwa ba bauri. Bayan nan a ƙara masa kunu mai kauri da garin ƙuli-ƙuli ko wake, da ganyen zogala. Makiyaya suna da madara, manoma suna da gyaɗa, kuma kasuwa ɗaya suke ci.

Uwar da ba ta da igiya ta tambaya a gidan likita ranar awo.